Kukin "Tuna da Wannan Burauza": Yadda Yake Aiki a Tantancewa Mai Mataki Biyu da Inda Yake Ɓaci

Duk wanda ya kunna tantancewa mai mataki biyu a wani shafin intanet ya san ɗan akwatin nan da ke ƙarƙashin gurbin rubuta lamba, wanda ke cewa kada a sake tambayarsa a wannan burauza, ko kuma a amince da na'urar har kwana 30. Mutum ya danna shi yau, gobe ya sa kalmar sirri kawai ya wuce. Da yawa suna ɗauka an kashe musu mataki na biyu ke nan a wannan kwamfutar. Musanya shi aka yi. A da, hujjarsa ta biyu ita ce wayar da ke fitar da lamba mai haruffa shida duk bayan daƙiƙa 30. Yanzu hujjar ta koma wani guntun rubutu da shafin ya ajiye a cikin burauzarsa, wato kuki. Daga wannan ranar har wa'adin ya cika, ƙarfin matakin na biyu bai wuce ƙarfin wannan kukin ba, kuma kukin ya fi abin da ya maye gurbinsa rauni.

Rauninsa na asali ɗaya ne. Kuki kamar takardar izinin wucewa ce da ba a manna mata hoto ba: duk wanda ya riƙe ta, shi ne mai ita. Shafin ba ya ganin kwamfuta, ba ya ganin mutum. Abin da yake gani shi ne rubutun da aka aiko masa. Saboda haka ne ma idan mutum ya amince da Chrome, ya buɗe Firefox a kwamfutar nan ɗaya, za a nemi lamba, domin kowace burauza da ma'ajiyar kukinta.

Kukai uku, ba ɗaya ba

Ƙa'idar HTTP, wato hanyar da burauza ke magana da shafin intanet, ba ta riƙe komai a kai. Kowace buƙata da burauza ta aika wa uwar garke, wato babbar kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, tana zuwa ne kamar ba a taɓa haɗuwa ba. Don magance wannan Lou Montulli ya ƙirƙiro kuki a kamfanin Netscape a 1994, aka kuma daidaita ƙa'idarsa a takardar RFC 6265 ta 2011. Uwar garke tana aiko da layin Set-Cookie, burauza ta adana, sannan ta riƙa mayar da shi a duk buƙatar da za ta kai wa wannan shafin.

A tsarin shiga mai mataki biyu, galibi kukai uku ne ke aiki, kuma rikita su shi ne mafarin kurakurai da dama. Na farko na wucin gadi ne. Ana bayar da shi bayan kalmar sirri ta yi daidai amma ba a kai ga shigar da lamba ba, kuma abin da yake cewa kawai shi ne wane ya ci matakin farko. Bai kamata ya wuce 'yan mintoci ba, bai kuma kamata ya buɗe wani shafi ba sai na rubuta lamba. Na biyu shi ne kukin zama, wanda ke nuna mutum yana ciki, kuma yana mutuwa idan ya fita. Na uku shi ne kukin tunawa, wanda a karan kansa ba ya shigar da kowa ko'ina. A tsarin ASP.NET Core Identity na Microsoft, kayan aikin da masu gina shafi ke haɗa tsarin shiga da shi, ana ganin rabuwar ƙarara: akwai Identity.TwoFactorUserId mai rayuwar minti biyar, akwai kukin zama, akwai kuma Identity.TwoFactorRememberMe.

Kada a haɗa shi da akwatin "ci gaba da zama a ciki" da ake gani a shafin kalmar sirri. Wancan yana tsawaita zaman ne har mutum ba ya ma ganin shafin shiga. Wannan kuwa kalmar sirri tana nan daram, lambar ce kawai ake ɗage wa mutum.

Ga yadda abin ke gudana. A shiga ta farko, mutum ya ba da suna da kalmar sirri, uwar garke ta tabbatar, ta duba ko akwai kukin tunawa, ta ga babu, ta nemi lamba. Lamba ta yi daidai kuma an danna akwatin, sai ta ƙirƙiri shaida, ta aiko da ita cikin kuki, ta buɗe zama. A shiga ta gaba, kalmar sirri ce a gaba kamar kullum. Sai ta yi daidai sannan a waiwayi kukin, a yi masa tambayoyi huɗu: daga wurinmu ya fito? Na wannan asusun ne da aka ba da kalmar sirrinsa yanzu? Wa'adinsa bai cika ba? Ba a soke shi ba? Idan amsa ɗaya ta zo a'a, ba a hana mutum shiga, ana mayar da shi ne kan lamba.

Tambaya ta biyu ita ce aka fi mantawa da ita, kuma ita ce mafi muni. Idan manhaja tana duba ingancin kukin amma ba ta haɗa shi da asusun da ake son shiga ba, ɓarawo zai buɗe nasa asusun, ya danna akwatin tunawa, ya sami kuki na gaskiya, sannan ya shiga asusun wani da kalmar sirrin da ya sato ba tare da an nemi lamba ba. Ba a fasa komai ba, ba a saci kuki ba, amma mataki na biyu ya zama ado.

Abin da ake zubawa a ciki

Akwai hanyar da ba a bi ko kaɗan: a rubuta lambar asusu ko adireshin imel a fili, ko a juya shi da Base64 a ce an ɓoye. Base64 ba makulli ba ne, kowa na iya warware shi ya kuma rubuta nasa. Haka ma hash na imel ko na sunan mai asusu, wato tambarin da ake lissafowa daga rubutu ba a kuma iya mayar da shi baya, tunda duk wanda ya san imel ɗin zai iya lissafo shi.

Hanyoyin da ake bi guda biyu ne.

Ta farko ita ce a zuba bayanin a cikin kukin, a buga masa hatimi da makullin da uwar garke kaɗai ta sani, misali da HMAC-SHA256, ko a rufe shi gaba ɗaya. A ciki akwai lambar asusu, lokacin bayarwa, da wata alama da ke canzawa duk lokacin da aka taɓa tsaron asusun. ASP.NET Core Identity yana amfani da abin da ya kira SecurityStamp, wanda ke sauyawa idan an canja kalmar sirri ko an sake saita manhajar lamba. Wasu kuma suna cusa hash na kalmar sirrin mai asusu cikin lissafin hatimin, ta yadda canja kalmar zai rushe duk tsofaffin kukai nan take. Daɗin wannan hanyar shi ne ba ta buƙatar wani teburi a rumbun bayanai. Illarta kuwa, ba za a iya soke burauza ɗaya a bar sauran ba, kuma ba za a iya nuna wa mai asusu jerin wuraren da ya amince da su ba, domin uwar garke ba ta rubuta ko ɗaya ba. Sannan idan makullin hatimin ya fita, wanda ya same shi zai iya ƙera kuki na kowane asusu, muddin ya san sauran abin da ke shiga lissafin.

Ta biyu ita ce kukin ya ɗauki lambar da ba ta da ma'ana, bayanin kuma ya zauna a rumbu. Ana ciro bayit 32 daga injin bazuwar lamba na tsaro, kamar secrets a Python, random_bytes a PHP, ko crypto.randomBytes a Node.js. Math.random da ire-irensa ba su da wuri a nan, domin ana iya hasashen abin da za su fitar. Bayit 32 bit 256 ke nan, haruffa 43 idan an juya su da Base64 na adireshi, kuma ba wanda zai cinko su da gwaji.

Tsarin da ya fi kyau shi ne a raba shaidar gida biyu: ɓangaren nema da ɓangaren tabbatarwa. Ɓangaren nema gajere ne, ana adana shi yadda yake, da shi ake lalubo layin a teburi. Ɓangaren tabbatarwa kuwa ba a adana shi, hash ɗinsa na SHA-256 ake ajiyewa. Idan kuki ya zo, a nemo layin, a lissafa hash na abin da aka kawo, a kwatanta da hanyar da tsawon lokacinta ba ya nuna inda aka sami bambanci, kamar hash_equals ko hmac.compare_digest. Amfanin wannan wahalar yana fitowa ranar da aka saci rumbun bayanai: ɓarawon zai tarar da hash, ba zai iya mayar da shi kuki ba. Wani zai ce me ya sa ba a yi amfani da bcrypt ko Argon2 ba kamar yadda ake yi wa kalmar sirri. Dalili shi ne, waɗannan an yi su ne don su jinkirta mai gwada kalmomin da ɗan Adam ya zaɓa, masu saukin cinka. Lambar bit 256 ba ta buƙatar wannan kariyar.

Layin teburin yana ɗauke da lambar asusu, ranar bayarwa, ranar ƙarewa, ranar amfani na ƙarshe, da ɗan bayanin burauza da adireshin IP don nuna wa mai asusu. Ga duk shafin da ke riƙe da kuɗi ko bayanan mutane, wannan hanya ta biyu ita ce ta dace. Teburi ɗaya ba tsada ba ne idan aka kwatanta da iya cewa "cire waccan tsohuwar kwamfutar kawai".

Sharuɗɗan da ke jikin kukin

Layin da uwar garke ke aikawa yakan yi kama da wannan:

Set-Cookie: __Host-amince=nema.tabbaci; Max-Age=2592000; Path=/; Secure; HttpOnly; SameSite=Lax

Max-Age shi ne tsawon ran kukin a daƙiƙa, kuma daƙiƙa 2,592,000 kwana 30 ke nan. Secure yana hana burauza aika kukin ta layin da ba HTTPS ba, wato layin da ba a rufe bayanansa ba. HttpOnly yana ɓoye shi daga JavaScript, rubutun umurni da ke aiki a cikin shafi, don haka ko an sami kafar cusa mugun rubutu a shafin, ba za a karance shi ta document.cookie ba. Wannan ma shi ne dalilin da bai kamata a ajiye shaidar a localStorage ba, wata ma'ajiyar burauza da JavaScript ke karantawa, domin can babu irin wannan katangar.

Kalmar __Host- da ke farkon sunan tana da aiki na gaske. Burauza ba za ta karɓi kuki mai wannan sunan ba sai yana da Secure, yana da Path=/, kuma babu Domain a jikinsa. Sakamakon haka, kukin yana manne da ainihin adireshin da ya bayar da shi. Idan aka sa Domain=example.com, to kowane reshe na shafin zai riƙa karɓarsa, har da wani tsohon reshen gwaji da aka manta da shi ba a sabunta ba shekara da shekaru. Reshe irin wannan yana iya karanta kukin, yana kuma iya dasa nasa. Wasu sun fi son taƙaita Path zuwa shafin shiga kawai don kada kukin ya riƙa yawo a kowace buƙata. Hakan na da ma'ana, amma an rasa __Host- ke nan, kuma Path ba shinge ne na tsaro ba. Tsakanin biyun, __Host- ya fi.

SameSite kuma, wanda ke faɗin ko za a aika kukin idan buƙatar ta taso daga wani shafin dabam, ya danganta da yadda ake isowa shafin shiga. Idan fam ɗin shiga da inda ake aika shi duk gida ɗaya ne, Strict yana aiki lafiya. Idan ana turo mutum daga wani shafin dabam, kamar a tsarin shiga ɗaya don manhajoji da yawa, Strict zai hana kukin zuwa a buƙatar farko. Lax yana barinsa ya bi danna mahaɗi, amma ba ya barinsa ya bi fam da aka aiko daga waje ta POST. Tun Chrome 80 a 2020, kukin da ba a faɗi matsayinsa ba ana ɗaukarsa Lax, kuma wannan sauyin ya karya tsofaffin tsare-tsare da yawa da suka dogara da tsohuwar ɗabi'a.

Wa'adi

Max-Age umurni ne ga burauza mai biyayya. Wanda ya kwafi kukin ba ruwansa da shi, zai ci gaba da aiko da rubutun har shekara. Don haka ranar ƙarewa ta gaskiya ita ce wadda uwar garke ke dubawa, a teburi ko a cikin bayanin da aka buga wa hatimi. Manhajar da ta dogara da burauza ta goge kukin, ta ba da shaida marar ƙarewa ba ta sani ba.

Kwana 30 shi ne aka fi gani. ASP.NET Core Identity yana farawa da kwana 14 idan ba a canja ba, Microsoft Entra kuma, tsarin shiga na ma'aikatan kamfanoni, yana ba mai kula da kamfani damar zaɓa daga kwana 1 zuwa 365. Daga ɓangaren burauza akwai iyaka: tun Chrome 104 a 2022 ba a barin kuki ya wuce kwana 400, Safari kuma yana yanke rayuwar kukin da JavaScript ya rubuta zuwa kwana bakwai.

Abin da ya fi yawan kwanakin muhimmanci shi ne ko wa'adin tsayayye ne ko mai sabuntuwa. Idan kowace shiga tana ƙara wasu kwana 30, mai shiga kullum ba zai sake ganin lamba ba har abada, haka ma ɓarawon da ya sace masa kuki. Akwai kuma wata illa da ba a cika kawowa a rai ba: mutumin da ya yi wata takwas ba a tambaye shi lamba ba, yana iya canja waya, ya rasa manhajar lambar bai lura ba, sai ranar da burauzar ta manta da shi ya tarar ƙofa a kulle. Wa'adi tsayayye yana tilasta masa taɓa wayar duk wata, kuma wannan gwaji ne mai amfani. Idan dole sai an sabunta, a sa rufi na ƙarshe da ba a tsallakewa, misali kwana 90.

A wuraren da doka ko ƙa'idar aiki ta tsaurara, abin ma bai cika samun gurbi ba. Ƙa'idar hukumar NIST ta Amurka, SP 800-63B bugun 2017, ta nemi a sake tantance mutum aƙalla sau ɗaya cikin kowace awa 12 a matsakaicin matakin tabbaci. Asusun masu kula da tsarin kansu bai kamata a nuna musu akwatin ba tun farko.

Sokewa, inda gizo ke saƙar

Bayar da kukin abu ne mai sauƙi. Sanin ranar da za a ƙwace shi, nan ne yawancin manhajoji ke faɗuwa.

Fita daga asusu ba ta goge shi, kuma da gangan ne, in ba haka ba akwatin ba shi da amfani. A ASP.NET Core Identity, umurnin fita, SignOutAsync, ba ya taɓa shi, sai an kira ForgetTwoFactorClientAsync. Matsalar tana ga wanda ya danna akwatin a kwamfutar da ba tasa ba, ya fita, ya tafi yana ganin ya share sawunsa. Shi ya sa bai kamata akwatin ya zo a danne ba, kuma ya kamata a sami maɓallin "manta da wannan burauza" a inda ido zai gani. ForgetTwoFactorClientAsync ɗin ma kukin da ke burauzar da ake kai kawai yake gogewa. Kwafin da ke hannun wani yana nan da ransa sai an sauya SecurityStamp.

Dole a soke duk kukai na tunawa na asusun idan an canja kalmar sirri, ko an sake ta ta hanyar "na manta", ko an canja wayar lamba, ko an kashe mataki na biyu an sake kunnawa, ko mai kula ya dakatar da asusun, ko mai asusu ya ce a fitar da shi daga ko'ina. Dalilin a bayyane yake. Wanda ya zargi an shiga asusunsa, abu na farko da zai yi shi ne canja kalmar sirri. Idan tsohon kukin ɓarawon bai mutu ba, rabin makullin na hannunsa, kalmar kawai zai sake farauta. An gudu ba a tsira ba.

Hanyar "na manta kalmar sirri" tana buƙatar kulawa ta musamman. Wasu manhajojin suna shigar da mutum kai tsaye da zarar ya sa sabuwar kalma. Idan a wannan gaɓar aka girmama kukin tunawa, wanda ya zauna gaban kwamfutar wani da imel a buɗe ya gama da asusun: ya karɓi mahaɗin ta imel, ya sa kalmarsa, kukin ya ɗage masa lamba. A soke kukai na tunawa tukuna, sannan a nemi lamba. Haka kuma shiga da lambar ko-ta-kwana, irin waɗanda ake bugawa a ajiye, bai kamata ta ba da damar danna akwatin ba, domin yin amfani da ita alama ce cewa wani abu ba daidai yake ba.

A tsarin hatimi akwai ɗan jinkiri da ya kamata a sani. ASP.NET Core Identity ba ya kwatanta SecurityStamp da rumbu a kowace buƙata, yana yi ne bisa tazarar minti 30 idan ba a canja ba. Wanda ke son sokewa ta kama nan take sai ya rage wannan tazarar, ya kuma yarda da ƙarin nauyi a kan rumbu.

Sannan kukin na ƙofar shiga ne kawai. Canja imel, ƙara sabuwar waya, kashe mataki na biyu, fitar da kuɗi, ƙirƙirar makullin API da wata manhaja ke shiga asusun da shi, duk waɗannan sai an sake tantancewa a wannan lokacin, komai amincin burauzar. Yana da kyau zaman ya riƙa rubuta ta wace hanya aka shigo, da lamba ko da kuki, don manhaja ta san wanda za ta sake tambaya.

Sata

Secure da HttpOnly suna kare kukin a kan hanya da cikin shafi. Ba sa kare shi daga muguwar manhajar da ta riga ta shiga kwamfutar. Manhajojin satar bayanai irin su RedLine, Raccoon da Lumma suna kwashe ma'ajiyar kukai da kalmomin sirrin da aka adana a burauza a lokaci guda, wato matakai biyun a jaka ɗaya. Kasuwar Genesis Market, wadda hukumar FBI da 'yan sandan ƙasashe da dama suka rufe a watan Afrilun 2023, irin wannan kayan take sayarwa, har da bayanan kamannin burauzar wanda aka yi wa satar don mai saye ya kwaikwaye ta. Gaskiya ne a irin wannan satar kukin zama aka fi so, tunda shi ba ya neman komai. Amma zama yana mutuwa da wuri, kukin tunawa kuwa yana ba ɓarawo damar dawowa sati da sati.

Shafukan bogi masu shiga tsakani, irin waɗanda ake haɗawa da Evilginx, suna miƙa wa shafin gaskiya duk abin da mutum ya rubuta, su kuma tare abin da ya dawo. Idan ya danna akwatin tunawa a can, ɓarawo ya ba wa amincewar. Sai dai a nan kukin yana da wani alfanu: burauza ba ta aika shi ga adireshin bogi, don haka za a nemi lamba a kwamfutar da aka saba wucewa ba tambaya. Ga mai lura, wannan ƙararrawa ce.

Masu gina manhaja kan yi ƙoƙarin ɗaure kukin da adireshin IP, wato lambar da na'ura ke fita intanet da ita, ko da layin User-Agent da burauza ke bayyana sunanta da sigarta da shi. Kwalliya ba ta cika biyan kuɗin sabulu ba. IP na waya yana sauyawa sau da yawa a rana, mutane da dama kuma suna fita ta adireshi ɗaya. User-Agent yana canzawa duk lokacin da burauza ta sabunta, abin da Chrome ke yi a kai a kai, kuma ɓarawo yana kwafarsa tare da kukin. Amfaninsu shi ne su zama alamar shakka: kukin da aka bayar ga Firefox a Windows ya bayyana daga Safari a wata nahiya, sai a ƙi shi a nemi lamba. A kwatanta iyalin burauza da tsarin kwamfuta, ba lambar sigar ba.

Abin da ya fi wannan tasiri shi ne juya shaidar. Duk lokacin da aka yi amfani da kukin, a bar ɓangaren nema yadda yake, a ba da sabon ɓangaren tabbatarwa. Idan daga baya aka kawo ɓangaren nema daidai da tsohon ɓangaren tabbatarwa, to kwafi biyu ke yawo, sai a soke duka a sanar da mai asusu. A bar 'yar tazara ta daƙiƙoƙi kaɗan da tsohon zai ci gaba da aiki, saboda layin da ya yanke kafin sabon kukin ya iso.

Maganin tushe shi ne a ɗaure shaidar da makullin da ba ya barin na'ura. Google ya sanar da aikin Device Bound Session Credentials a 2024, inda burauza ke ajiye makulli a guntun tsaro na kwamfuta da ake kira TPM, tana nuna hujjar mallakarsa kafin a sabunta kuki mai gajeren rai. A shekarar kuma, Chrome 127 ya ƙara kulle ma'ajiyar kukai a Windows, kodayake masu rubuta manhajojin sata ba su daɗe ba suka nemo hanyoyin zagayewa. WebAuthn, tsarin shiga da makullin da ke zaune a cikin na'ura, wanda ya zama ƙa'idar W3C a 2019, ya rage buƙatar akwatin gaba ɗaya, domin taɓa yatsa a na'ura bai kai wahalar da za a nemi ɗagewa ba, kuma makullinsa ba ya amsa wa adireshin bogi.

Idan burauza ta ƙi tunawa

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne an danna akwatin amma kullum sai an nemi lamba. Daga ɓangaren mai amfani, dalilan ba su da yawa: tagar sirri da ke zubar da kukai idan an rufe ta, saitin goge kukai a kowace rufewa, manhajar share kwamfuta, ko wani sashe dabam na burauzar. A iPhone da Android, shafin da aka buɗe a cikin wata manhaja sau da yawa yana da ma'ajiya dabam da ta burauzar wayar.

Idan kowa ne ke kuka a lokaci ɗaya, a dubi uwar garke. Abin da aka fi samu shi ne makullin hatimi da ke ɓacewa a duk lokacin da aka ɗora sabuwar sigar manhaja, musamman a Docker, tsarin da ke gudanar da manhaja a keɓaɓɓen wuri da ake kira kwantena, inda ake ƙirƙirar makullin a cikin kwantenar ya mutu tare da ita. Idan kuma wani lokaci ya tuna wani lokaci ya manta, akwai yiwuwar uwayen garke biyu ne ke raba aiki, kowacce da nata makullin. A ASP.NET Core maganin shi ne a ajiye makullan Data Protection, waɗanda da su ake rufe kukai, a wuri ɗaya da duka ke gani. Sauran su ne bambancin adireshi mai www da marar shi, kuki mai Secure da ake gwadawa a kan HTTP, da mantawa da Max-Age, wanda ke mayar da kukin na zama ɗaya.

Akwai kuma na mutum biyu a burauza ɗaya. Idan sunan kukin ɗaya ne kuma asusu ɗaya yake ɗauka, wanda ya shiga na biyu ya danna akwatin zai danne na farko. Ana warware shi da kuki ɗaya mai wakiltar burauza, teburi kuma ya riƙe jerin asusun da suka amince da ita, kowanne da wa'adinsa.

Kafin a saki wannan aikin ga jama'a, a gwada shi da hannu. A kwafi kukin asusu ɗaya a gwada shiga wani da shi. A canja harafi ɗaya a ciki. A kwafe shi zuwa wata burauza, a canja kalmar sirri, a sake aiko da shi. A mayar da ranar ƙarewa baya a teburi a bar kukin a burauza. A kuma tsaya a shafin lamba, a rubuta adireshin wani shafin ciki kai tsaye, a ga ko kukin wucin gadi zai buɗe shi. A kowanne daga cikin biyar ɗin, abin da ya kamata ya fito shi ne gurbin rubuta lamba.